Gyaran Zuciya ta Siririn Bututu Ba Tare da Tsaga Ƙirji Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai cututtukan zuciya da a da ba a iya gyara su sai an tsaga ƙashin ƙirji, an tsayar da zuciya, an jona mutum da injin da zai riƙe aikin zuciya da huhu har a gama. Yanzu da yawansu ana kai musu ta wata 'yar kafa a gindin cinya. Raunin da ake gani a waje bai kai gaɓar yatsa ba, amma abin da ake yi a ciki aikin zuciya ne sosai, da sharuɗɗansa da haɗurransa. Ga tambayoyin da majiyyata da iyalansu suka fi yi.

Wane irin ciwon zuciya ake nufi a nan?

Ciwon da ya shafi ginin zuciyar kanta. Zuciya ɗakuna huɗu ce, biyu a sama biyu a ƙasa, da bango da ya raba hagu da dama, da bawul huɗu masu barin jini ya wuce gaba su hana shi komowa. Bawul ɗin awota yana bakin babbar jijiyar da ke kai jini ga dukkan jiki. Na mitiral yana tsakanin ɗakunan hagu, na tirikusfid tsakanin ɗakunan dama, na huhu kuma a kan hanyar zuwa huhu. Lalacewar takan zo ta fuska uku: bawul ya tsuke, ko ya riƙa yoyo, ko a sami ɓula inda bai kamata ba. Wannan daban yake da toshewar ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciya, duk da cewa ita ma da bututu ake buɗe ta.

Ta yaya bututu zai taso daga cinya ya kai zuciya?

Jijiyoyin jini hanyoyi ne a buɗe, kuma dukansu da zuciya suke haɗe. A gindin cinya akwai manya guda biyu kwance gefe da gefe: mai bugawa, wadda ke kawo jini daga zuciya, da marar bugawa, wadda ke mayar da shi. Likita yakan soka allura cikin wadda yake so, ya zura lallausar waya ta cikin allurar, ya zare allurar ya bar wayar, sannan ya bi bayan wayar da wani gajeren kube mai hana jini fita. Ta cikin kuben ne duk sauran kayan aiki ke shiga da fita. Wani likita ɗan Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, shi ya fito da wannan dabarar a 1953, kuma har yau da ita ake farawa. Kafin shi, a 1929, wani matashin likita a Jamus mai suna Werner Forssmann ya zura bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya ɗauki hoto don ya nuna abin mai yiwuwa ne.

Wanda ya bi jijiya mai bugawa zai ɓulla a bawul ɗin awota. Wanda ya bi marar bugawa zai ɓulla a ɗakin sama na dama. Idan aikin a hagu yake, kamar na mitiral, sai a huda bangon da ke tsakanin ɗakunan sama da doguwar allura, a wuri mafi siranta, a tsallaka. Ana auna kaurin bututu da wani ma'auni wanda kowace lamba uku take daidai da milimita ɗaya. Bututun gwaji yakan zama lamba 5 ko 6, wanda ake kai sabon bawul da shi kuwa lamba 14 zuwa 16, wato kusan milimita 5.

To da me likita yake gani, tunda bai buɗe ba?

Da hotuna iri uku. Akwai eksire mai motsi, wanda ke nuna waya da ƙarfe a kan allo, kuma idan aka fesa ruwan rini sai ya nuna hanyar jini. Akwai eko, hoton da ake ɗauka da sauti, wanda ke nuna marafan bawul da inda jini ke yoyo. A ayyuka masu wuya akan zura na'urar ekon ta hanyar abinci, domin hanyar abinci a bayan zuciya take, babu ƙashi ko huhu a tsakani. Na uku shi ne hoton CT, wanda ake yi tun kafin ranar aiki.

A ganinmu rabin aikin a kan hoton CT ake gama shi. A can ake auna zoben bawul da milimita, a ga inda alli ya taru, a duba faɗin jijiyoyin cinya da lanƙwasarsu, a zaɓi girman na'urar da za a saka. Likitan tiyata yana gani da idonsa ya auna da hannunsa. Mai aiki da bututu ba shi da wannan damar: in awon ya kuskure, sai na'urar ta buɗe a ciki zai sani.

Mene ne TAVI, kuma wa ake yi wa?

TAVI shi ne dasa sabon bawul ɗin awota ta bututu. A Amurka sun fi ce masa TAVR. Wani likita mai suna Alain Cribier ne ya fara yi wa mutum a birnin Rouen na Faransa, ranar 16 ga Afrilu 2002.

Ciwon da ake yi dominsa shi ne tsukewar bawul ɗin awota, wanda ya fi kama tsofaffi saboda alli da ke taruwa a marafan har su ƙage. Lafiyayyen bawul yana buɗewa murabba'in santimita 3 zuwa 4. Ana cewa tsukewar ta yi tsanani idan ƙofar ta koma murabba'in santimita 1 ko ƙasa, ko jini na ratsa ta da gudun mita 4 a daƙiƙa ko fiye, ko bambancin matsi tsakanin ɓangarorin biyu ya kai 40 a ma'aunin hawan jini. Alamominsa uku ne: haki, ciwon ƙirji in an motsa, da jiri ko suma. Mutum na iya shekaru da tsukewar bai ji komai ba, amma da zarar alamomi sun bayyana lokaci ya fara ƙurewa, kuma babu ƙwayar da ke narkar da allin. A binciken PARTNER da aka wallafa a 2010, cikin waɗanda tiyata ta fi ƙarfinsu, kusan 51 cikin ɗari na waɗanda ba a dasa wa bawul ba sun rasu cikin shekara guda, waɗanda aka dasa wa kuwa kusan 31 cikin ɗari.

Yaya ake yin sa, daki-daki?

Yawanci ba a yin allurar barci mai nauyi. Ana kashe zafin gindin cinya, a ba da ɗan maganin kwantar da hankali. Ana huda jijiya mai bugawa ana kallo a hoto, kuma tun kafin a saka babban kube ake ɗaura zaren da za a rufe kafar da shi in an gama. Ana buɗe ƙaramar hanya ta biyu, a wuyan hannu ko ɗaya cinyar, don fesa rini. Ana ba da hefarin don kada jini ya daskare a jikin kayan aiki, ana gwadawa lokaci lokaci a tabbatar jinin yana ɗaukar fiye da daƙiƙa 250 kafin ya kama.

Daga nan sai a ratsa tsukakken bawul da waya, a musanya ta da wata mai tauri wadda bakinta a naɗe yake kamar dodon koɗi, don kada ta soke bangon zuciya. A kan wannan wayar sabon bawul zai hau. Shi kansa marafai uku ne da aka yanka daga tantanin zuciyar saniya ko na alade, aka ɗinke a cikin ragar ƙarfe, aka matse shi ya koma kamar kaurin fensir. Wanda yake son sanin daga wace dabba aka yi nasa, ya tambaya tun wuri, domin ya danganta da samfurin.

Iri biyu ne manya. Akwai wanda ake buɗewa da balan-balan, kamar SAPIEN, mai girma 20, 23, 26 da 29 a milimita. Kafin a hura, ana sa zuciya ta buga kusan sau 180 a minti da wayar lantarki ta wucin gadi. Dalili kuwa, zuciyar da ke gudu haka ba ta samun cika, ba ta da ƙarfin tura jini, saboda haka ba za ta ture bawul ɗin daga mazauninsa ba a cikin 'yan daƙiƙun da ake hurawa. Akwai kuma mai buɗe kansa, kamar Evolut, wanda ragarsa ta naitinol ce, ƙarfen da ke laushi a sanyi ya koma siffarsa a ɗumin jiki. Shi ana sakinsa a hankali, kuma in bai zauna daidai ba ana iya mayar da shi cikin kube a sake gwadawa, muddin ba a sake shi gaba ɗaya ba.

Ba a cire tsohon bawul. Sabon ne ke danne shi gefe, kuma allin nan da ya jawo ciwon shi ne ke riƙe sabon. Shi ya sa bawul mai yoyo kawai, wanda ba shi da alli, ya fi wuyar gyarawa ta wannan hanyar. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuma da yawa sukan koma gida bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Me ke iya ɓaci a TAVI, kuma me ke jawo shi?

Na farko, jijiyar cinya. Idan faɗinta bai kai milimita 5 zuwa 5.5 ba, ko alli ya zagaye ta ta kasa miƙewa, kube na iya yage ta. In hoto ya nuna haka tun farko, akan nemi wata hanya, kamar jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya ko ta wuya.

Na biyu, shanyewar ɓarin jiki. Ɓarɓashin alli ko gudan jini na iya ɓallewa lokacin da ake ratsa bawul, ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa. Yana samun kusan mutum 2 zuwa 3 cikin ɗari.

Na uku, kuma wanda ya fi yawan aukuwa, shi ne lantarkin zuciya. Igiyar da ke kai umarnin bugawa daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa tana wucewa ne 'yan milimita kaɗan a ƙarƙashin bawul ɗin awota. Idan ragar ta zauna ƙasa da yawa sai ta danne ta, bugun ya ragu ko ya riƙa tsayawa. Kimanin mutum ɗaya cikin goma yakan buƙaci batirin zuciya na dindindin, kuma adadin ya fi haka da bawul mai buɗe kansa, da kuma wanda tun asali gwajin ECG, mai auna lantarkin zuciya, ya nuna reshen dama na igiyar a toshe yake. Abin lura shi ne matsalar na iya jinkirtawa kwana biyu ko fiye, bayan mutum ya riga ya koma gida.

Sai yoyon gefe. Zoben bawul ba da'ira ba ne sosai, ya fi kama da ƙwai, kuma dunƙulen alli na hana raga mannewa, sai jini ya riƙa komawa ta gefen. Kaɗan ba ya damuwa. In ya yi yawa akan sake hura balan-balan a ciki. Amma kowane allazi da nasa amanu: bawul ɗin da ya yi ƙanƙanta yana yoyo ko ya zame, wanda ya yi girma kuma yana iya fasa zoben, musamman inda alli ya gangara ƙasa. Fashewar ba ta cika faruwa ba, amma in ta faru tiyatar gaggawa ce.

Akwai kuma toshewar bakin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, waɗanda ke fitowa dab da saman bawul. Idan tsayinsu daga zobe bai kai milimita 10 zuwa 12 ba, tsohon marfin da aka ture na iya rufe su kamar an ja ƙyaure. Ruwan rini kuma na iya wahalar da ƙoda mai rauni. Saboda duk waɗannan, ba a yin aikin sai inda akwai likitan tiyatar zuciya a kusa.

In haka ne, me zai sa wani ya zaɓi tiyata?

Shekaru da siffar bawul. Bawul ɗin da aka yi da tantanin dabba yana tsufa. Wanda ake ɗinkawa a tiyata yakan kai shekara 10 zuwa 15, wani lokaci fiye, kuma ya fi saurin lalacewa a jikin matasa. Na bututu ya nuna juriya mai kyau har zuwa shekara goma, sai dai mafi yawan waɗanda aka bibiya tsofaffi ne. Mai shekara 55 zai buƙaci bawul na biyu, wataƙila na uku, kuma kowace raga da aka cusa cikin wata tana rage faɗin ƙofa tana kuma wahalar da isa ga jijiyoyin zuciya nan gaba. Ƙa'idar Amurka ta 2020 ta fifita tiyata ga wanda bai kai 65 ba, bututu ga wanda ya haura 80, tsakanin nan kuma a zauna a yi shawara. Wanda aka haifa da marafai biyu maimakon uku, ko wanda babbar jijiyarsa ta kumbura, ko mai bawul fiye da ɗaya da ke son gyara, sau da yawa tiyata ta fi masa. Ba likita ɗaya ke yanke wannan ba, ayari ne: mai bututu, mai tiyata, mai hoto da mai allurar barci.

Tsukewar bawul ɗin mitiral fa? An ce balan-balan kawai ake hurawa.

Haka ne, kuma yana cikin ayyukan da suka fi amfanar matasa. Mafi yawan tsukewar mitiral daga zazzaɓin rumatik take, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a yi maganinsa ba tun ƙuruciya. A hankali gefunan marafan biyu sukan manne da juna. Ƙofar da ya kamata ta zama murabba'in santimita 4 zuwa 6 sai ta koma 1.5 ko ƙasa, jini ya taru a baya har ya cika huhu. Balan-balan yana raba gefunan da suka manne ne, ba faɗaɗa nama yake yi ba.

Wanda aka fi amfani da shi na Kanji Inoue ne, likita ɗan Jafan da ya wallafa dabarar a 1984. Hikimarsa a yadda yake kumbura take: gaba ya fara cika a cikin ɗakin ƙasa, a ja shi baya har ya maƙale a bawul, sannan baya ya cika, ya zama da ƙugu a tsakiya, daga ƙarshe ƙugun ya buɗe ya tsaga mannewar. Duka 'yan daƙiƙu ne. Girmansa daga tsawon mutum ake lissafawa: a raba santimita da goma, a ƙara goma. Mai tsawon santimita 160 iyakarsa milimita 26. Ba a fara hurawa da wannan iyakar. Ana farawa ƙasa da ita, a duba eko, a ƙara milimita ɗaya, a sake dubawa. In ƙofar ta wuce 1.5 ko yoyo ya fara ƙaruwa, sai a tsaya. A nan ne ake garin neman gira a rasa ido: hurawa ɗaya ta ƙari na iya yaga marfi, mai tsukewa ya koma mai yoyo mai tsanani da ke buƙatar tiyata a ranar.

Ba kowane bawul ke karɓa ba. Ana ba shi maki kan abubuwa huɗu, motsin marafai, kaurinsu, yawan alli, da halin igiyoyin da ke riƙe su daga ƙasa, kowanne daga 1 zuwa 4. Jimillar 8 ko ƙasa ita ce mai kyau. Ba a yi idan akwai yoyo mai yawa tun farko, ko gudan jini a ɗakin sama na hagu, domin bututu zai ture shi zuwa ƙwaƙwalwa. Don haka sai an leƙa ta hanyar abinci tukuna. In an ga gudan jini, a sha wafarin, maganin tsinka jini, na wasu makonni ko watanni a sake dubawa.

Mace mai wannan ciwon gara a gyara mata kafin ta ɗauki ciki, domin jini yakan ƙaru da kusan rabi a lokacin goyon ciki, tsukakkiyar ƙofa kuma ba za ta iya da shi ba. In ya zama dole a yi da cikin, akan jira ya wuce mako 20, a rage hasken eksire iya yiwuwa. Bayan aikin, allurar fenisilin ta kowane mako uku ko huɗu tana nan daram ga wanda aka ɗora a kanta. Balan-balan bai kori rumatik ba, kuma bawul na iya sake tsukewa bayan shekaru.

In kuma yoyo mitiral yake yi?

Ana kama marafan biyu a tsakiya da ɗan maƙali, irin su MitraClip, ƙofa ɗaya ta koma biyu ƙanana, yoyon ya ragu. Dabarar daga wani ɗinki aka ɗauko ta, wanda likitan tiyata ɗan Italiya Ottavio Alfieri ya shahara da shi. Wannan aikin da allurar barci ake yi, domin na'urar eko za ta daɗe a maƙogwaro. Zuciya na bugawa ake kama marafan, a rufe maƙalin, a auna. In yoyo bai ragu ba ana iya buɗewa a matsa gefe, ko a ƙara na biyu. Iyakar ita ce kada a matse har ƙofar ta tsuke: ana son bambancin matsi ya tsaya a 5 ko ƙasa. Wani lokaci maƙalin kan suɓuce daga marfi ɗaya, yoyon ya dawo.

Yoyo iri biyu ne. In marfin ne ya lalace, gyaran tiyata ya fi inganci ga mai iya jurewa, maƙali na wanda tiyata ta yi wa haɗari ne. In kuwa zuciyar ce ta yi rauni ta buɗe har marafan suka kasa haɗuwa, sai an fara cika magungunan raunin zuciya tukuna. A 2018 bincike biyu suka fito kan wannan rukunin: COAPT ya ga raguwar kwanciya asibiti da mutuwa, MITRA-FR bai ga bambanci ba. Bayanin da aka fi karɓa shi ne majiyyatan na farko yoyonsu ya fi yawa kuma zuciyarsu ba ta buɗe sosai ba. Maƙalin iri ɗaya ne, mutanen ne suka bambanta.

Yaron da aka haifa da ɓula a zuciya, ana iya toshe ta haka?

Ya danganta da inda take. Ɓular tsakiyar bangon ɗakunan sama ita ta fi sauƙi. Ana toshe ta da wata saƙar naitinol mai faifai biyu da ƙugu a tsakiya: a buɗe faifan hagu, a ja shi ya jingina da bango, a buɗe na dama, a ɗan girgiza a ga ya kama, sannan a kwance shi daga wayarsa. Sharaɗin shi ne ɓular ta kasance da baki na kusan milimita 5 a yawancin kewayenta, kuma faɗinta kada ya wuce milimita 38. In bakin bai isa ba na'urar na iya zamewa ta bi jini, in kuma ta yi girma tana iya gogar bangon zuciya har ta huda shi, ko da yake wannan ba kasafai ba ne. Cikin wata shida nama yakan lulluɓe ta, kuma a wannan tsakanin ake shan asfirin. Ɓular da ke can sama ko can ƙasan bangon galibi ta tiyata ce.

Akwai kuma 'yar jijiyar da ke haɗa awota da jijiyar huhu tun jariri yana cikin mahaifa, wadda ya kamata ta rufe cikin kwanakin farko bayan haihuwa. In ta ƙi, ana toshe ta da murɗaɗɗiyar waya ko ɗan toshi, har ga bakwaini. Tsukewar bawul ɗin huhu kuwa tun 1982 ake buɗe ta da balan-balan, kuma sakamakon yakan daɗe.

Gargaɗi ɗaya: babbar ɓula da aka bari shekaru tana iya lalata jijiyoyin huhu har matsinsu ya hau, jini ya juya hanya, leɓe da farce su yi shuɗi. In an kai nan, toshewa cutarwa ce, domin ɓular ta zama mafitar da zuciyar dama ke samun sauƙi ta cikinta. Shi ya sa ake auna matsin huhu kafin a taɓa.

An ce ina da 'yar kafa a bangon ɗakunan sama na zuciya da ba ta rufe ba tun haihuwa. Dole a rufe?

A'a. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da ita, kuma yawancinsu har su tsufa ba za su sani ba. Ana rufe ta ne galibi ga mai shekara 18 zuwa 60 da ya sami shanyewar ɓarin jiki aka bincika ba a ga wani dalili ba.

Mene ne toshe 'yar jakar ɗakin hagu?

Ga masu bugun zuciya barkatai, inda ɗakunan sama ke karkarwa maimakon matsawa. Jini yakan kwanta a wata 'yar jaka da ke jikin ɗakin sama na hagu, kuma kusan tara cikin goma na gudajin da ke jawo musu shanyewar jiki a nan suke haɗuwa. Maganin farko shi ne ƙwayar tsinka jini. Wanda ba zai iya daɗewa a kanta ba, saboda zubar jini mai haɗari, ana iya toshe masa bakin jakar da na'ura kamar Watchman. Bangon jakar siriri ne ƙwarai, don haka babban abin tsoro shi ne hudawa, jini ya taru a kewayen zuciya ya matse ta, sai an zuƙe da allura. Akan sake hoto wajen kwana 45 a ga ko ta rufe kuma babu gudan jini a kanta. Aikin ba ya gyara bugun, kuma ba na mai tsukewar mitiral ta rumatik ba ne. Shi wafarin ne nasa.

Wane shiri ake yi kafin ranar?

Gwajin jini da na ƙoda, ECG, eko, da CT in aikin na buƙata. A je wurin likitan haƙori, domin ruɓaɓɓen haƙori matattarar ƙwayoyin cuta ce da ke iya sauka kan sabon bawul. A kawo dukkan magungunan da ake sha a kwalayensu. Kada a tsayar da maganin tsinka jini da ka, likita ne zai faɗi ranar tsayarwa da ranar komawa. Mai ciwon sukari da ke shan metfomin ana iya ce masa ya dakata kwana biyu saboda rini. A faɗa in an taɓa samun ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi bayan rini, ko in fata ba ta jure nikel, tunda naitinol haɗin nikel da titaniyam ne. Yawanci ana daina cin abinci awa shida kafin aiki.

Bayan an gama, me za a kiyaye?

Awa huɗu zuwa shida a kwance, ƙafar a miƙe. In tari ko atishawa ya zo, a dafe wurin da hannu. Mako guda ba ɗaga abin da ya wuce kilo biyar, ba yunƙuri mai ƙarfi, ba zama cikin ruwa, amma tafiya a ƙasa ana so tun washegari. Tabon jini da ke bazuwa ƙarƙashin fata ya gangara cinya yana canza launi ba abin tsoro ba ne. Bayan TAVI yawanci asfirin kaɗai ake ci gaba da sha, miligiram 75 zuwa 100 a rana. Wanda dama yake kan maganin tsinka jini, galibi shi kaɗai ya isa. Yawancin waɗannan na'urori ba sa hana hoton MRI, amma a riƙa yawo da katin da ke ɗauke da sunan na'urar da girmanta a nuna wa masu hoton.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su?

Ƙullutu a gindin cinya da ke girma ko yake bugawa a ƙarƙashin yatsa. Jini da ya ɓalle: a kwanta, a danne da ƙarfi ɗan sama da hujin, kada a ɗaga hannu ana leƙawa, a nemi taimakon gaggawa. Ciwon baya ko kwiɓi tare da jiri da gumi, wanda ke iya nufin jini na zuba a ciki inda ido ba ya gani. Ƙafa ta yi sanyi, ta koɗe ko ta mutu. Suma, ko bugun da ya sauka ƙasa da 40 a minti. Karkacewar baki, nauyin harshe ko raunin hannu, ko da ya wuce cikin minti biyar. Haki da ke ƙaruwa, ko ciwon ƙirji sabo.

Sai zazzaɓi. Mai sabon bawul ko na'ura a zuciya, in zafin jikinsa ya kai 38 ya ƙi sauka, ko yana gumin dare yana ramewa ba dalili, kada ya fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da kansa. A fara ɗibar jini sau uku daga wurare daban-daban a kai ɗakin gwaji. Ko 'yan ƙwayoyi kaɗan aka sha kafin ɗibar suna iya ɓoye cutar, a rasa sanin wace ce ta kama bawul ɗin, alhali maganinta allura ce ta jijiya har mako shida. Mai bawul ɗin da aka dasa zai riƙa shan maganin kariya kafin cire haƙori ko duk aikin da zai taɓa dasashi har iya rayuwarsa. Mai na'urar toshe ɓula kuwa wata shida na farko ne, sai fa in eko ya nuna akwai sauran yoyo a gefenta.